Mafarauci a Hannun Ƙwari: Yadda Ake Ceton Tsirrai Masu Cin Nama a Cikin Ɗaki

A manyan shagunan sayar da furanni na Turai da Amurka da Japan akwai wani ɗan tsiro da ba ya kwantai. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kowane ganyensa ya ƙare da baki a wangale mai haƙora a gefe, ƙuda na sauka ciki sai ya rufe ruf. Masana na kiransa Dionaea muscipula, mu kuwa mu ce masa kama-ƙuda. Da yawa daga masu sayensa suna kai shi gida ne da tunanin sun samo wa ɗakinsu mai gadi. Bayan wata biyu ko uku sai sabbin ganyaye su fara fitowa a murɗe, tarkunan su ƙanƙance, launin ya koɗe. Idan aka sunkuya aka duba tsakiyar tsiron, sai a tarar da wasu ƙananan ƙwari sun yi cincirindo suna tsotse ruwan jikinsa.

Abin da ke biyo baya yakan fi ƙwarin illa. Mai tsiro ya ɗauko abin da ya saba da shi, gwangwanin feshin sauro ko ruwan sabulu, ko ya zuba taki wai don tsiron ya yi ƙarfi. Kwana kaɗan ganye ya yi baƙi, saiwa ta ruɓe. Garin neman gira an rasa ido. Masu rainon waɗannan tsirrai sun daɗe da gane cewa maganin da ke ceton furen yau da kullum sau da yawa shi ne ajalin wannan. Saboda haka kafin a ce magani ba shi da illa a nan, sai ya cika sharaɗi uku: kada ya ƙona tsiron, kada ya cutar da mutane da dabbobin da ke kwana a ɗakin, kuma ya kashe ainihin ƙwaron da ake nufi.

Tsiron da ya saba da talauci

Tsirrai masu cin nama sun haura iri 600 a duniya, amma waɗanda aka fi ajiyewa a gida 'yan kaɗan ne. Kama-ƙuda asalinsa fadamun jihohin Carolina ta Arewa da Carolina ta Kudu ne a Amurka, a wani yanki da bai wuce nisan kilomita 160 daga birnin Wilmington ba. Akwai Drosera, wadda ganyenta ke da gashi ɗauke da ɗigon danƙo mai sheƙi, kuma wadda ta fi sauƙin raino a cikinsu ita ce Drosera capensis ta Afirka ta Kudu. Akwai Nepenthes mai tuluna masu lilo, wadda ta fi yawa a Borneo da Sumatra. Akwai Sarracenia ta Arewacin Amurka mai tsayayyun bututu, sai kuma Pinguicula mai ganye shimfiɗe da maiƙo, wadda aka fi rainon ire-irenta na Meziko. Charles Darwin ne ya tabbatar da gwaji cewa irin waɗannan tsirrai suna narkar da abin da suka kama su tsotse, a littafinsa Insectivorous Plants na 1875.

Duk da nisan da ke tsakanin ƙasashensu, abu ɗaya ya haɗa su: ƙasar da suke tsirowa a kai matalauciya ce, galibi mai tsami, mai danshi, wadda ruwan sama ya wanke ta tas. Abincin da ke ba su ƙarfi daga hasken rana suke haɗa shi, kamar kowane tsiro. Abin da suke nema a jikin ƙwari shi ne sinadarin naitirojin da fosfaras da ƙasa ta hana su. Saiwarsu siririya ce, kusan ruwa kawai take ja. Idan gishirin ma'adinai ya taru a ƙasar tukunya, sai ya janye ruwa daga saiwar ya ƙona ta.

Shi ya sa ake shuka su a ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama da aka cakuɗa da wankakken yashi, ba taki ko ƙwaya ɗaya, ana kuma ba su ruwan sama ko ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Masu raino suna amfani da wata 'yar na'ura mai auna gishirin da ya narke a ruwa, kuma abin da suka fi yarda da shi shi ne kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Duk maganin ƙwarin da zai shiga wannan tukunya, da wannan mizani za a auna shi.

Me ya hana tarko kare mai shi

Tarkon kama-ƙuda yana da wasu gashi, yawanci uku a kowane gefe. Sai an taɓa su sau biyu cikin kimanin daƙiƙa 20 yake rufewa, kuma ko ya rufe, akwai tazara tsakanin haƙoransa da ƙaramin ƙwaro zai iya sulalewa. An tsara shi ne don abin da ke da tsoka, irin su tururuwa da gizo-gizo da ƙuda. Ƙwarin da ke addabarsa kuwa ba su wuce milimita ɗaya zuwa uku ba, kuma ba sa zuwa wajen tarko. Suna zama a tsakiyar tsiro inda sabon ganye ke ɓullowa, ko a ƙarƙashin ganye, ko a karan fure, wuraren da babu danƙo babu tarko.

Zaman ɗaki yana ƙara musu dama. A fadama ruwan sama kan wanke su, iska ta kaɗe su, sanyi ya rage su, wasu ƙwarin kuma su cinye su. A kan tagar falo ko cikin akwatin gilashi babu ko ɗaya daga waɗannan. Ɗumi ne iri ɗaya duk shekara, sai haihuwa ba ƙaƙƙautawa.

Sanin maƙiyi kafin ɗaukar makami

Na farko su ne ƙwarin darɓa, waɗanda manoman dawa da wake suka sani sarai. Kore ne ko baƙi, masu taushin jiki. Macensu tana haihuwar 'ya'ya masu rai ba tare da namiji ba, kuma a ɗumi 'ya'yan kan balaga cikin mako guda. Alamarsu murɗaɗɗen sabon ganye, da fararen saɓa da suke zubarwa, da ruwa mai ɗanko da suke fitarwa, wanda ke jawo tururuwa.

Na biyu farin ƙwaro mai lulluɓe da gari da zare mai kama da auduga. Shi maɓoyaci ne: yana shigewa gindin ganyen Sarracenia da hammatar ganyen Nepenthes, wani irinsa ma a saiwa yake zama. Kakin da ke jikinsa yana hana feshi ratsa shi. Ɗan uwansa shi ne ƙwaro mai ɓawo, wanda ke manne wa kara ya zauna cak, har a ɗauka ƙurji ne a jikin tsiron.

Na uku jajayen mitsitsin gizo-gizo, waɗanda ba su kai rabin milimita ba. Suna son zafi da busasshiyar iska, irin ta ɗakin da aka kunna na'urar ɗumama shi a lokacin sanyin Turai. Ganye kan yi ɗigo-ɗigon rawaya, daga baya a ga siririyar yana. Ƙafafunsu takwas ne, dangin gizo-gizo ne, don haka magungunan ƙwari da yawa ba sa taɓa su.

Na huɗu tirifs, siraran ƙwarin nan da ke zubar da furen wake a gona. Suna kankare fatar ganye su bar tabo mai launin azurfa da baƙaƙen ɗigo. Ƙwansu a cikin naman ganye suke sa shi, kuma wani mataki na girmansu a ƙasa yake, shi ya sa feshi ɗaya ba ya gamawa da su.

Na biyar ƙananan baƙaƙen ƙudajen ƙasa mai danshi. Manyansu damuwa ce kawai, tsutsarsu ce ke cin saiwar jariran tsirrai. Shawarar da ake ba mai furen gida ita ce ya bar ƙasar tukunya ta bushe. Ga tsiron fadama wannan hukuncin kisa ne.

Kayan binciken ba su da tsada: gilashi mai ƙara girma sau goma, da farar takarda da za a tara a ƙarƙashin ganye a ƙwanƙwasa, a ga abin da zai faɗo yana motsi. Akan kuma rataye katin danƙo mai launin rawaya don ƙudaje, shuɗi don tirifs, a riƙa lura da yawansu. Ba duk mai motsi ne maƙiyi ba. Akwai wasu fararen mitsitsin halittu masu tsalle a saman ƙasa da ruɓaɓɓen abu kawai suke ci, babu dalilin yaƙarsu.

Abubuwan da ba a kusantowa da su

Sabulu shi ne tarko na farko da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Sabulun kashe ƙwari da ake sayarwa don lambu gishirin fotasiyam ne mai kaifin kanwa, sabulun wanki da na kwanuka kuma sun fi shi muni. Yana wanke danƙon Drosera da Pinguicula, idan ya gangara ƙasa kuma ya rage tsamin da saiwa ke buƙata. Toka, wadda ake barbaɗa wa kayan lambu, ita ma haka take: kanwa ce da ma'adinai zalla.

Sai magungunan da aka haɗa da taki a kwalba ɗaya ko a 'yan sandunan da ake sokawa cikin tukunya. Ga fure na yau da kullum wannan sauƙi ne, ga mai cin nama guba ne. Maganin funfuna mai ɗauke da tagulla shi ma yana kashe su. Gwangwanayen feshin sauro da kyankyaso suna da man da aka narkar da maganin a ciki, kuma wannan man yana ƙona ganye. Shi kuwa fiya-fiya, wato sinadarin dikulobos, ba don tsiro kaɗai ake guje masa ba. Tururinsa yana taɓa jijiyoyin ɗan Adam, bai kamata a buɗe shi a ɗakin da ake kwana ba.

Hannu da ruwa

Da zarar an ga ƙwaro, a ɗauke tukunyar daga cikin sauran, a goge wurin da take zaune, a wanke farantin ruwanta. Ganyen da ya lalace sosai a yanke shi a ƙulle a leda a fitar. Karan fure da ya cika da darɓa a datse shi, dama fure yana cin ƙarfin tsiro marar lafiya.

Ƙwarin darɓa idan ba su yi yawa ba ana tsince su da hantsaki ko a wanke su da feshin ruwan sama mai ɗan ƙarfi. Farin ƙwaro da mai ɓawo kuwa, a tsoma tsinken auduga na goge kunne a sifirit na asibiti mai ƙarfin kashi 70, a dangwala wa kowanne. Sifirit yana narkar da kakin jikinsu, sannan ya bushe bai bar komai ba. A kiyaye kada ya zuba a ƙasar tukunya ko ya taɓa gashin danƙo.

Akwai kuma dabarar da irin waɗannan tsirrai suka fi sauran jurewa, wato nutsarwa. Kama-ƙuda da Sarracenia da Drosera capensis sun saba da ambaliya a fadamunsu. Ana dulmiya tsiron da tukunyarsa gaba ɗaya a bokitin ruwan sama na kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwarin darɓa su nutse, tsiron ya fito da ransa. Drosera za ta fito ba danƙo, ganye sharkaf, amma sabbin ganyen da za su biyo baya za su dawo da sheƙinsu. Bayan mako guda a maimaita. Ba a yi wa Nepenthes haka, ba a yi wa Pinguicula ta Meziko, domin su ruɓewa suke yi.

Idan ƙwaron a saiwa yake, babu makawa sai an tuge tsiron, a zubar da tsohuwar ƙasa, a ɗauraye saiwa da gindin da ruwan sama, a cire busassun ɓawon da ke gindin Sarracenia inda farin ƙwaro ke fakewa, a sake shukawa a sabuwar ƙasa da wankakkiyar tukunya.

Sojojin haya

Mataki na gaba shi ne a dawo da abin da ɗaki ya rasa, wato maƙiyan ƙwarin. Wanda ya fi dacewa da tukunyar gida wata ƙwayar bakteriya ce, Bacillus thuringiensis israelensis, da ake taƙaitawa Bti. An gano ta a 1976 a wani kududdufi a hamadar Negev. Gubarta tana aiki ne a cikin hanjin tsutsar sauro da ta wasu ƙudaje kaɗai, ba ta taɓa mutum ko kyanwa ko kifi. Ita ce aka riƙa zubawa a kogunan Afirka ta Yamma a ƙarƙashin shirin yaƙi da cutar makanta ta bakin rafi da aka fara a 1974, bayan baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar ya fara jure maganin farko. A gida ana jiƙa ƙwayoyinta a ruwan sama, a tace, a shayar da tukunya sau ɗaya a mako har tsawon mako uku ko huɗu, domin a cim ma duk tsutsar ƙudajen ƙasa da za ta ƙyanƙyashe. Akwai kuma wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, Steinernema feltiae, da ake damawa a ruwa a zuba don su kashe wannan tsutsar. Suna son ƙasa mai danshi, abin da tukunyar tsiron fadama ba ta rasa ba.

Ga mitsitsin gizo-gizo akwai mafaraucinsu, Phytoseiulus persimilis, wanda masu noman kokwamba a ɗakunan gilashi na Holan ke amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1960. Ga tirifs akwai Neoseiulus cucumeris. Ga farin ƙwaro akwai Cryptolaemus montrouzieri, ɗan Ostireliya, wanda masanin ƙwari Albert Koebele ya kai California a 1891 don ceton gonakin lemo. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a Afirka. Lokacin da farin ƙwaron rogo ya mamaye nahiyar, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta saki wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Kudancin Amurka tun daga 1981, aikin da ya sa jagoransa, Hans Herren, ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

Sai dai a nan akwai abin dariya: tsiron ba ya bambance baƙo da soja. Mafarauta masu tashi da masu yawo suna faɗawa tulun Nepenthes, suna maƙalewa a danƙon Drosera. Saboda haka waɗanda ke aiki a cikin ƙasa, da mitsitsin da ke bin ƙarƙashin ganye, su ne suka fi amfani. Masu tashi sun fi dacewa da babban ɗakin gilashi. Wannan halin cinye baƙo yana da ranarsa kuma: masu rainon wasu furanni kan ajiye Pinguicula ko Drosera capensis a tsakiyar tukwanensu, don su rage manyan ƙudajen ƙasa.

Darbejiya da 'yan uwanta

Idan hannu da ruwa sun gaza, maganin da masu raino a Turai da Amurka suka fi ambata shi ne man wata bishiya da ke kusan kowace ƙofar gida a ƙasar Hausa. Darbejiya, ko dogon yaro, asalinta Indiya da maƙwabtanta. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar darbejiya. A 1968 masana biyu a Jami'ar Keele ta Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da ke wannan aiki, wato azadiraktin. Ba ya kashewa nan take. Yana hana ƙwaro cin abinci, ya hana shi saɓa, sai ya mutu kafin ya hayayyafa. Man da kansa kuma yana toshe kafofin numfashin ƙananan ƙwari.

Wanda ake nema shi ne man 'ya'yan da aka matse ba tare da dafawa ba. Abin da aka saba shi ne kimanin mililita 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, a lita guda ta ruwan sama mai ɗumi-ɗumi, ana girgizawa sosai a kai a kai saboda mai ba ya haɗuwa da ruwa. Manomi yakan zuba sabulu don ya haɗa su, amma a nan an haramta. A haɗa na ranar kawai, a fesa da yamma ko bayan an kashe fitilar raino, domin mai da zafin haske suna ƙona ganye. A karkata tukunyar ko a rufe ƙasarta don kada ya tsiyaya ciki. A fara gwadawa a ganye ɗaya, a jira kwana biyu. Sannan a maimaita bayan kowane kwana bakwai har sau uku, tunda ƙwan da ke ɓoye ba ya mutuwa a feshin farko. Kama-ƙuda da Sarracenia da Nepenthes kan jure shi. Drosera da Pinguicula ba sa son mai a jikinsu, su nutsarwa ko tsincewa ko yanke ganye ya fi.

Ga tirifs da tsutsar malam-buɗe-littafi, maganin da ya yi suna shi ne sifinosad, wanda ake samu daga wata bakteriyar ƙasa da aka gano a 1982 a wata tsohuwar masana'antar giya a yankin Karebiyan, aka kuma amince da shi a Amurka a 1997. Illarsa ga mutum kaɗan ce, amma yana kashe ƙudan zuma matuƙar bai bushe ba. Sai fairetirin, daga furen wani tsiro da Kenya ta daɗe tana nomawa. Yana kayar da ƙwaro nan take, haske kuma ya lalata shi cikin gajeren lokaci. A nemi wanda aka haɗa da ruwa, ba na gwangwani ba. Kasancewarsa daga fure bai sa ya zama marar haɗari ba: yana kashe kifi, yana cutar da kyanwa, kuma ɗan uwansa na masana'anta, fametirin, ya fi shi muni ga kyanwa nesa ba kusa ba.

Magani mai bin jijiya

Akwai lokacin da farin ƙwaro ko mai ɓawo ke kama tarin tsirrai masu tsada, komai aka yi su dawo. A nan ne masu raino ke komawa ga maganin da tsiro ke sha ya zagaya jikinsa, irin su imidakulofirid da asetamifirid, ta yadda duk ƙwaron da ya tsotsa zai mutu. Yana aiki, amma da sharuɗɗa. A tabbata ba a haɗa shi da taki ba. A fitar da tsiron waje a fesa, da safar hannu da takunkumi, a bar shi ya bushe kafin a mayar. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba ba ƙari. A yanke furen tsiron da aka yi wa, domin maganin yana kaiwa har ruwan fure. Saboda illarsa ga ƙudan zuma ne Tarayyar Turai ta hana amfani da imidakulofirid da wasu 'yan uwansa biyu a fili a 2018. Kuma a sani cewa ba ya kashe mitsitsin gizo-gizo, wani lokaci ma bayan an yi amfani da shi suke ƙara yawa. Wanda ya sa shi ba tare da ya tantance maƙiyinsa ba ya sayi wahala da kuɗinsa.

Funfuna

Akwatin gilashi da aka rufe ruf, ga danshi ga ƙarancin haske, gidan funfuna ne. Wadda ta fi kisa ita ce Botrytis cinerea, mai launin toka, da ke farawa a mataccen ganye ta gangara gindi. Tana yawan kama kama-ƙuda da Sarracenia a lokacin hutunsu na sanyi, wata uku zuwa huɗu, musamman idan a firji aka ajiye su don su samu wannan sanyin. Maganinta na farko almakashi ne da fanka: a yanke duk abin da ya mutu, a buɗe murfi, a bar iska ta zagaya, a ƙara haske. Idan farar funfuna mai kama da gari ce a saman ganye, akan yi amfani da maganin farar wuta. Baƙin tabon da ke fitowa a bakin tulu kuwa a kan zaƙin da tsiro ko ƙwari suka fitar yake tsirowa, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Ciyarwa ma tana jawo ruɓa. Tsokar nama ko cuku da wasu ke cusa wa tarko don nishaɗi sun fi ƙarfinsa, sai tarkon ya yi baƙi, funfuna ta samu ƙofa. Ƙaramin ƙwaro da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na girman tarkon ba ya wadatar.

Mutanen gida

Tsiro ɗaya ne a tukunya, amma iskar ɗakin kowa ke shaƙa. Ko man darbejiya, da ake ganin na gida ne, yana da haɗari ga ƙaramin yaro idan ya sha. Duk abin feshi a ajiye shi a kwalbarsa ta asali mai rubutu, a inda hannun yara ba ya kai, kada a juye a kwalbar lemo. Kada a yi feshi a kicin ko kusa da akwatin kifi ko kejin tsuntsu. Ragowar da aka haɗa kada a zubar a kwata. Gidan da ke da jariri ko mai asma ko kyanwa, ya fi kyau ya tsaya a kan hannu da ruwa da Bti, in kuma dole sai an yi feshi, a yi shi a waje.

Abin da ke hana a kai ga nan

Yawancin ƙwarin ɗaki a jikin sabon tsiro suke shigowa. Duk wanda aka sayo a ware shi mako uku zuwa huɗu, ana dubawa, kafin ya shiga cikin sauran. A saya daga masu raino, domin tuge shi daga daji yana ƙarar da shi a gidansa na asali, kuma tun Disambar 2014 satar kama-ƙuda daga daji babban laifi ne a Carolina ta Arewa. Waɗanda ke neman ilimin abin suna da madogara: ƙungiyar masu sha'awar waɗannan tsirrai ta duniya tana nan tun 1972, kuma littafin Peter D'Amato, The Savage Garden, da ya fito a 1998, ya zama jagora ga masu raino da yawa.

Bayan wannan sai haske. Kama-ƙuda da Sarracenia na buɗaɗɗen fili ne, suna buƙatar aƙalla awa huɗu zuwa shida na rana kai-tsaye, ko fitilar raino mai ƙarfi ta awa 12 zuwa 16. Tsiron da ke cikin duhu yana fitar da ganye mai laushi, irin wanda ƙwari ke so, kuma ba shi da ƙarfin farfaɗowa bayan an yi masa magani. Wanda zai ware 'yan mintoci a mako ya ɗaga ganye ya leƙa gindi, zai kama ƙwari tun suna 'yan kaɗan, lokacin da hantsaki kaɗai ya isa.

Akwai kuma ranar da hikima ita ce a haƙura. Tsiro mai araha da farin ƙwaro ya cinye har saiwa bai cancanci a cika ɗaki da guba saboda shi ba, balle a bar shi ya shafa wa sauran. A zaɓi lafiyayyen ganye ɗaya a ɓalle shi tare da farin gindinsa, a ɗauraye, a kwantar a kan jiƙaƙƙiyar gansakuka a wuri mai haske. Kama-ƙuda da Drosera da Pinguicula duk suna iya tsirowa daga ganye cikin 'yan makonni zuwa watanni. Sauran tsiron da ƙasarsa a ƙulle a leda a fitar da su daga gidan.